Bazarar Kawu

Mu shida muka shirya tafiyar, mu biyar muka tafi. Na shidan kawuna ne, yayan Ummata, kuma ni na cire shi. Gara in faɗa tun yanzu don kada wani ya karanta har ƙarshe yana neman mai laifi.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Karantina. Gidanmu Hausawan Sudan ne. Hausata ta cikin gida ce, ta abinci da aike da faɗa, in magana ta yi nisa Larabci nake kamawa. Ina aiki a ofishin wani sito a unguwar masana'antu ta Jidda, ranar Juma'a kuma da sassafe ina hawa keke da abokai a Abhur, can bakin teku. Mu biyar ne. Akwai wanda muke ce wa Kyaftin, shi ya haɗa guruf ɗin a waya, haifaffen nan ne kamar ni, Hausar ma ji kawai yake yi ba ya mayarwa. Akwai Injiniya, Basakkwace, kwantiragi ya kawo shi daga Najeriya. Sai wasu wa da ƙane da ba su cika magana ba, aikinsu ɗaukar bidiyo. Sai ni.

Kawu ne mai gyara mana kekuna. Ya yi shekaru da rumfar gyaran keke a Karantina, tun kafin a haife ni, da aka rushe unguwar rumfar ta bi ta. Ya samu gadi a wani babban gida a Abhur, aka ba shi ɗaki a bakin get, kayan aikinsa na cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. Idan muka gama hawa wurinsa muke yada zango, ya ɗaure mana birki, ya shafa mai, ya zage mu a kan yadda muke wulaƙanta sarƙa. Alƙur'ani yana karanta shi tsaf, amma rubutun waya ba ya iya bi, ga ido ya fara rauni. Duk abin da ya shafi waya ni ne: sabunta iƙama, wato takardar zama, saƙon kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamansa, layin asibiti. In saƙo ya shigo sai ya miƙo min ya ce, karanta min, ɗan nan.

A bakin get ɗin nan Kyaftin ya kawo maganar tafiya ƙasar Jojiya. Kwana goma a kan keke, kowa da tantinsa, a kwana inda dare ya yi. Farkon Maris, mu dawo kafin azumi ya kama. Ya ce masu iƙamar nan suna shiga ba wahala. Kawu yana tsugune yana miƙe wata taya, bai ɗago ba ya ce, "To mu shida ke nan."

Na ce, "Biyar, Kawu."

"Ni an bar ni gadin takalmanku?"

Aka yi dariya. Kyaftin ya ce da Larabci, "Yalla ya Ammu, ai mu ne da riba. Wa zai ƙi makanike a hanya?"

Na ɗauka wasa ne. Ashe ba wasa ba ne. Kawu tun da ya shigo ƙasar nan yana saurayi bai wuce Madina ba. Ya je ya bi layi ya sabunta fasfo. Ya yi mako uku yana bin kafilinsa a kan bizar fita da dawowa, mutumin yana ce masa bukra, bukra, wato gobe, har ranar da ya gaji ya ce halas, shi ke nan, amma sau ɗaya ne, kada ka sake zuwa min da irin wannan. Da saƙon bizar ya shigo ni na karanta masa. Ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya karɓi wayar ya kalli rubutun kamar yana gane wani abu.

Ranar ce ya tambaye ni, "Can ɗin wane lokaci za mu tarar?"

A Jidda lokaci biyu muka sani, zafi da zafi mai gumi. Ban taɓa buƙatar sunan wani lokaci da Hausa ba. Da Larabci na san shi, rabi'i, lokacin da sanyi ke janyewa, ciyawa ta fito. Na buga a waya, na ce ta fassara min. Ta ba ni kalma ɗaya.

Na ce, "Bazara. Farkon bazara."

Ya ce, "Bazara kuma? To. Na san ta. Allah ya ba mu sauƙinta."

Shi ke nan. Wallahi a ranar ban san na yi wani abu ba.

Muka fara atisaye da kaya a kan keke, don can hawa ne da gangara. Kyaftin ya kai mu hanyar Usfan inda akwai tudu. Kawu ya zo da tsohon kekensa na ƙarfe, baƙi, mai nauyin jaki, ya cusa ƙafar wando cikin safa. Ni kuwa da sabon kekena da rigar da ta manne min a jiki da tabarau mai ɗaukar ido. A tudu na biyu numfashina ya ƙare. Ƙafa ta ƙi. Ina cikin tunanin sauka sai na ji tafin hannu a gadon bayana. Kawu ne. Hannu ɗaya a kan kekensa, ɗaya a bayana, yana tura ni yana taka nasa, har muka kai sama. Ko haki ba ya yi.

A saman kowa na jira, wa da ƙanen nan sun riga sun ɗaga waya. Na ce, "Kawu, ai da ka bari, giya ce ta maƙale min."

Ya ce, "Giyarka lafiyarta lau, ni na gyara ta. Na goya ka kana zawo a bayana, turawa ce za ta gagare ni?"

Injiniya har da zama a ƙasa don dariya. Ya maimaita wa Kyaftin, shi ma ya kwashe. Kafin mu koma gari bidiyon ya shiga guruf da kiɗa a kai. Ran Lahadi na tarar da shi a ofis, wani Bamisire yana nuna wa direbobi. Umma ma ta gani, ta ce, "Allah ya saka wa yaya, da sai dai a kwaso ka." Mako guda duk wanda ya gan ni sai ya ɗora min hannu a baya.

Kawu bai san ya yi min komai ba. Shi a wurinsa ya taimaki ɗan ƙanwarsa ne. Ni kuwa na kwana na tashi ina lissafin kwana goma a Jojiya, tudu bayan tudu, waya biyu a sama, da tafin hannun nan.

Bayan kamar mako biyu Injiniya ya rage min hanya daga wurin aiki. Ina so in burge shi da Hausa, na ce, "An ce farkon bazara a can furanni ko'ina."

Ya juyo ya kalle ni. "Farkon me?"

"Bazara. Rabi'i."

Ya yi dariya har yana dukan sitiyari. "Kai ɗan Jidda. Ka san bazara kuwa? Bazara ita ce wutar da ke zuwa kafin ruwa ya sauka. A Sakkwato ƙadangare ma inuwa yake nema. Rijiya ta ƙafe, mutum ya kwana a waje yana fifita, iska in ta buso kamar an buɗe maka murhu. Wa ya ce maka rabi'i bazara ce?"

"Waya."

"To waya ta cuce ka. Mu ba mu da wannan lokacin, shi ya sa aka liƙa masa sunan da aka samu. Ba dai ka gaya wa wani haka ba?"

Na ce, "A'a."

Nan take abubuwa suka haɗu a kaina. Kwanakin nan Kawu da tsakar rana yake fita atisaye, bayan azahar, lokacin da ko kyanwa ba ta taka kwalta. Ya tambaye ni ko taswira na nuna inda rijiyoyi suke. Ya tambaye ni ko hanyar na da itatuwa. Duk na amsa masa sama-sama ina danna waya. Shi a ƙauyensu wajen Gadarif a Sudan ya yi yarinta, bazarar da ya sani ita ce ta Injiniya. Zafi yake shirya wa.

Na ciro waya a cikin motar, na nemo lambarsa. Magana ce ta minti ɗaya. Na kalli lambar har fitilar wayar ta mutu, na mayar da ita aljihu.

Da farko na ce wa kaina gobe zan faɗa masa. Daga baya na ce bari a ɗan yi masa dariya shi ma, ya ji yadda take, sannan a gyara. Da Kyaftin ya turo jerin kayan da kowa zai tanada, Kawu ya miƙo min waya ya ce karanta min, na karanta masa tanti, tocila, tukunya, ƙaramin risho, faci da famfo. Na tsallake jakar barci mai kauri. Na tsallake rigar sanyi, safar hannu, hular ulu, wandon ciki. Layi biyar na tsallake, yana gyaɗa kai yana ƙirgawa da yatsu.

Ya ce, "Ba su sa gidan sauro ba?"

Na ce, "Sun manta."

"Yara ke nan."

Sau ɗaya abin ya kusa tonuwa. Mun tsaya shan ruwa a bakin teku, Injiniya ya ce masa, "Baba, ka dai tanadi na sanyi ko?"

Kawu ya ce, "Na sanyi? Bar ni da shi. Na yi wata dabara da jarka da buhu, sai kun roƙe ni."

Shi ruwan sanyi yake nufi. Injiniya ya ɗan yi turus, ni kuwa na fashe da dariya da ƙarfi kamar Kawu ya yi barkwanci, na ce yalla mu tafi rana na yi. Aka hau keke, magana ta bi iska.

Kyaftin ya sa ranar duba kaya, Juma'a bayan la'asar, saura kwana biyar mu tashi. A filin da ke gefen gidan da Kawu ke gadi muka haɗu. Kowa ya shimfiɗa nasa a ƙasa, Kyaftin na bi da waya a hannu yana dubawa. Jakunkunan barci kamar gawa a jere, riguna masu kumburi, safa, huluna. Kawu ya fito daga ƙarshe, ya yi sawu biyu yana kwaso nasa, fuskarsa a sake.

Ya fara shimfiɗa tabarma. Ya ɗora gidan sauro a ninke. Jallabiya biyu shara-shara, wando mai iska, takalmi sambatse an yanke masa baki don ƙafa ta sha iska. Mafici. Jarkoki biyu da ya ɗinke su cikin buhun algarara da hannunsa, ya yi musu maɗauri daidai kariyar keke, in an jiƙa buhun iska ta buga ruwan ya yi sanyi. Ƙullin tsamiya, ƙullin zoɓo. Sannan ya kwance wani ɗauri ya fito da malafa guda shida, sababbi, ya sa wa kowace igiya ta haɓa don kada iska ta ɗauke. Ya fara rabawa.

"Wannan taka ce Kyaftin, kanka babba ne. A ƙarƙashin hular kwano ba za ta shiga ba, amma in an sauka za ku gode min."

Kyaftin ya karɓa yana juya ta. Ya dubi tabarmar, ya dubi maficin. Ya ce, "Ya Ammu, ina kayan sanyinka?"

"Wane sanyi?"

Ƙanen ne ya fara dariya, sai wan, waya ta riga ta hau sama. Kyaftin ya buɗe yanayin garin da za mu fara kwana, ya nuna masa hoton da aka ɗauka a makon, duwatsu fari fat da ƙanƙara, mutane a dunƙule. Ya ce da dare ruwa daskarewa yake a cikin gora. Ƙanen ya ɗauki maficin yana yi wa wansa fifita, wan ya kifa malafa yana rawar ɗari da gangan. Kyaftin ya so ya daure, ya kasa.

Kawu ya daɗe yana kallon hoton, ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta. Ya ce a hankali, "An ce min bazara."

Kyaftin ya ce, "Wa ya ce?"

Kawu ya sauke wayar. Ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da yake min in saƙo ya shigo.

Na ce, da Larabci don kowa ya ji, "Kawu, sau nawa na ce maka can sanyi ne? Na karanta maka jerin kayan nan layi-layi. Jakar barci, rigar sanyi, duka na karanta."

Dariyar ta lafa. Kawu ya ce min da Hausa, "Ka faɗa?"

"Na faɗa."

Ya sauke ido. Sannan ya sunkuya ya fara naɗe gidan sauron. "To, ƙila ni ne ban ji ba. Tsufa."

Injiniya bai yi dariya ba tun farko. Ido kawai ya kafa min, na yi kamar ina gyara zif ɗin jakata. Ya ce, "Baba, ba komai. Ina da riga biyu, ka ɗauki ɗaya." Kyaftin ma ya ce abu ne mai sauƙi, shagunan kayan zango na nan, gobe a saya masa jakar barci, halas. Aka tashi a kan haka. Kowa ya tafi da malafarsa don kunya.

Da a nan na tsaya, da an yi masa dariyar yini ɗaya, mun yi ɗaya-ɗaya, an wuce wurin. Amma yanzu akwai ƙaryar da na yi a gaban mutum biyar. Kwana goma a tanti, shi da Injiniya suna hira da Hausar da ta fi tawa, dole wata rana maganar ta fito.

Kafin magariba na rubuta a guruf. Kawu ba ya ciki, ai ba ya karatu. Na ce akwai abin da ban so in faɗa ba don ɗan'uwana ne. Na ce ya fara mantuwa, ba yau ba, Umma ma ta damu. Na ce yana da ciwon ƙirji da sanyi ke tayar masa. Na ce ku duba, mutumin da aka karanta wa abu sau uku ya zo da mafici, in ya bar fasfo a wani ƙauye fa, in ya faɗi a kan dutse inda ba asibiti fa, wa zai amsa tambaya? Ƙirjin Kawu ya fi nawa lafiya, kowa ya gani a Usfan. Amma ni ne ɗan ƙanwarsa, wa zai ƙaryata ni?

Wa da ƙanen suka ce gaskiya ne. Injiniya ya rubuta cewa shi bai yarda ba, dattijon nan ya fi mu duka ƙarfi, kuma ba a yi wa babba haka. Kyaftin ya yi ta rubutu yana gogewa, daga ƙarshe ya ce, kai ne danginsa, abin da ka gani shi ne. Kuma kai za ka gaya masa.

Injiniya ya turo min nawa ni kaɗai: "Kai ka tambaye ni bazara a mota." Na buɗe, na karanta, na rufe.

Washegari bayan na tashi aiki na je. Tun daga nesa na hango shi a bakin get, tsaye a rana, cikin wata ƙatuwar kwat mai gashi a wuya wadda ta kai masa gwiwa. Da safe ya hau bas ya je kasuwar gwanjo ya samo ta, har da hular ulu da safar hannu irin ta masu walda. Gumi na zuba daga haɓarsa.

Ya ce, "Gwaji nake. In na iya ta a nan, can wasa ne. Taɓa ka ji kauri."

Na taɓa. Na ce, "Kawu, an yi magana a guruf."

Na faɗa masa a tsaye, da sauri, kamar mai karanta saƙon kafili. Sun ce hanyar ta yi tsanani, sun ce shekaru, sun ce in wani abu ya faru. Bai katse ni ba. Bai cire kwat ɗin ba.

"Kyaftin ne ya ce?"

"Kowa da kowa."

"Har Basakkwacen?"

"Har shi."

"Kai fa?"

"Ni na yi iya ƙoƙarina, Kawu. Sun fi ni yawa."

Ya gyaɗa kai. Ya zare safar hannun ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa su, ya sa a aljihu. Ya ce, "To ku kawo kekunan jibi in kwance muku su in sa a kwali. In kuka yi da kanku za ku lanƙwasa giya, 'yan jirgi ba su da tausayi."

Na ce to. Na juya zan tafi, ya ce in dakata.

Ashe ya riga ya gaya wa kowa. Akwai wani mai shayi a kudancin gari inda tsofaffin 'yan Karantina ke haɗuwa ran Juma'a tun da aka warwatsa su, ya yi musu sallama, sun yi masa addu'a, wani har ya ba shi saƙon zuma. Kafili kuma ya riga ya samo wanda zai riƙe get na kwana goma, ba zai koma ya ce masa an fasa ba bayan mako uku na roƙo. Ya ce zai je ya zauna wurin Umma har mu dawo, ba zai fita ba.

"Abu ɗaya za ka yi min. In kun je ka riƙa turo min hoto. Wanda ba mutane. Duwatsu, hanya, irin abincinsu. Da sunan garin a murya, don in riƙe."

Na ce, "Ba damuwa."

Jibin ya kwance kekuna biyar, ya naɗe kowane ƙarfe da tsumma, ya ɗaure ƙananan kusoshi a leda ya manna a jikin sirdi. Ya koya wa Injiniya yadda ake haɗa sarƙa in ta tsinke, ya sa shi ya yi sau uku a gabansa. Injiniya ya buɗe baki zai yi magana, Kawu ya ce, "Ido a kan aiki, Malam." Ko ya san abin da zai faɗa, ko bai sani ba, ban tambaya ba.

Tafiyar ta yi daɗi, gara in faɗi gaskiya. An yi sanyi kamar yadda aka ce, mun farka tanti ya yi tauri, yatsu sun ƙi riƙe kofi, amma rana na fitowa komai ya warware. Itatuwa sun fara fure. Keke ko ɗaya bai ba mu matsala ba. A tudu na sauka na tura nawa sau da yawa, kowa ma ya tura, ba wanda ya ɗauka. Injiniya bai yi min magana ba sai ta dole. Kullum da rana nakan tsaya in ɗauki hanya ba kowa a kai, in tura, in faɗi sunan garin. Amsarsa ɗaya ce, a murya: "Na gani. Allah ya tsare."

Shi kuwa kwana goma yana ɗakin baya a gidanmu. Ko masallaci bai je ba, a ɗaki yake salla, har Juma'a. In an ƙwanƙwasa ƙofa Umma sai ta ɗauke takalmansa daga bakin ƙofa kafin ta buɗe. Ranar da na dawo ta zuba min abinci, ta tsaya a kaina ta ce, "Me aka yi wa yayana?"

Na ce, "Guruf ne suka yanke."

Ta ce, "Guruf." Ta koma kicin.

Juma'ar da ta biyo baya ya ce in raka shi wurin mai shayin. Na so in zille, ya ce ai za su tambaya, gara mu je tare. Ya sayi zuma a wani kanti a hanya, ya ɓare takardar jikin kwalbar da farce.

Tsofaffi kamar takwas a kan benci, ana ganinsa aka hau maraba da matafiyi. Ya zauna a tsakiya, ya ba mai zuma zumarsa, ya miƙo min waya in buɗe masa hotuna. Sannan ya fara. Ban taɓa sanin Kawu ya iya ba da labari haka ba. Ya faɗi sunayen garuruwan a jere, bai ɓata ko ɗaya ba. Ya ce akwai wani burodi mai cuku a ciki, in ka ci ɗaya ka wuni. Ya ce karnukansu kamar maruƙa amma ba sa haushi sai an tsokane su. Ya ce da asuba in ka zuba ruwan alwala kafin ya kai ƙasa ya fara tauri. Duk daga hotuna da 'yan kalmomin da na tura ya haɗa, sauran ya cike da kansa. Can sai ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, ɗan nan?"

Na ce, "Haka ne, Kawu."

Wayar na zagayawa hannu zuwa hannu. Wani tsoho mai gilashi, wanda a da tela ne a layinmu, ya yi ta turawa da yatsa, gaba, baya. Ya ce, "To wai kai ina kake? Duwatsu, hanya, saniya, burodi. Ko ɗaya babu fuskarka. Anya ba a nan Jidda, a Bab Makka, ka ɓuya ba?"

Aka yi dariya. Kawu ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin.

Ya ce, "Ni ne mai ɗauka. Yaran nan hannunsu rawa yake don sanyi."

Telan ya juyo gare ni. "Gaskiya ne, yaro?"

Kawu bai dube ni ba. Yana kallon titi, hannunsa a kan gwiwa.

Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Shi ya ɗauka duka."

Telan ya ce to madalla, ya miƙa wayar gaba. Wani ya tambayi ko akwai masallaci a can, Kawu ya gyara zama ya ci gaba.